Aron Akwatin Baba

Garejin babana yana bakin hanyar da ke fita Dogon Dutsi zuwa Matankari. Rumfa ce ta kwano, da tsohon injin sassaƙa ƙarfe a kusurwa, da tarin matattun akwatunan bitas, wato giya, na motocin daji a bayanta. Mu asalin maƙera ne. Kakana hauya da gatari ya ƙera har ya mutu, amma Baba tun yana saurayi ya bar zugazugi ya bi mota, ya shekara talatin da wani abu yana gyaran motocin da ke zuwa Dogon Kiriya ranar kasuwa. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ni ce ɗiyarsa ta fari, ni ya fara sawa a boko, kuma tun ranar da na fara koyar da Faransanci a kwaleji ya daina kirana da sunana, sai "Madam", rabi wasa rabi gaske.

Lokacin da moto mai ƙafa uku ta cika garinmu, ita ta karɓe aikin amalanke. Da ita ake ɗauko gero daga Geceme, da ita ake kai siminti ƙauye, wani lokaci har mara lafiya. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma hanyoyinmu rairayi ne, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ganin rairayin Arewa ba. Da ta shiga da kaya sai direba ya danne ta, injin ya yi ta ihu, ƙafar baya tana tono, mai yana tafiya a banza. Sai kuma man da ake kawo mana daga hayin iyaka ya yi tsada, kwalbar da direba ke saye ba tare da tunani ba ta koma abin da yake ɗagawa sama ya duba kafin ya zuba.

Wata rana na biya gareji bayan an tashi daga lakwal, na tarar da Baba a tsugune yana kallon wata moto da aka kawo masa injinta ya ƙone.

Ya ce, "Madam, kin ga wagga? Ba laihin injin ba ne. Ƙarhi shina da shi. Hanyar da ƙarhin ka bi zuwa ƙahwa ita ce ba daidai ba. Bitas guda anka ba ta don kwalta da rairayi duka."

Ban gane ba a ranar, sai daga baya. Abin da yake nufi shi ne tsakanin injin da ƙafafun baya akwai buƙatar wani ƙaramin akwati mai hawa biyu: ɗaya na rairayi, mai ja a hankali da ƙarfi, ɗaya na busasshiyar hanya, wanda zai bar injin ya huta yana tafiya. Ya shiga tonon tarin matattun akwatunan nan yana zaɓen pinyo, wato faifan ƙarfe mai haƙora, yana gwada wannan da wancan. Gidan akwatin ya yanke shi daga farantin ƙarfe ya yi masa walda. Ƙugiyar da ke kama hawa ɗaya ta saki ɗaya kuwa, da hannunsa ya ƙera ta a wuta kamar yadda ubansa ya koya masa. Tun daga girbi har zafin bazara yana kan abu ɗaya. Uku ya yi ya watsar. Innata ta gaji da aika tuwo gareji yana dawowa da sanyi, ta ce idan ya gama auren ƙarfen sai ya sanar da ita.

Na huɗun ne ya yi. Ranar gwaji ina wurin, domin ranar Lahadi ce. Aka samo moto biyu iri ɗaya, ɗaya an ɗaura mata akwatin, aka ɗora wa kowace buhunan gero daidai da ɗaya, aka tsiyaye tankunansu tas, Baba da kansa ya zuba wa kowace kwalba guda. Suka kama hanyar ƙauye wadda rairayinta ya fi muni, mu kuma muna biye a motar wani abokinsa. Wadda ba ta da akwati ta tsaya kusa da wata rijiya, direbanta ya sauko yana fifita da hula. Ɗayar ta wuce. Muka bi ta har muka bar gonakin da na sani, har muka hango rumbunan wani ƙauye da ban san sunansa ba, sannan ta yi tari ta mutu. Abokin Baba ya yi ta buga sitiyari yana kabbara. Baba ya sauka. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin ya ji zafinsa, ya ce man ciki ya yi kaɗan, gobe zai ƙara.

Kafin damina ta faɗi, masu ƙafa uku sun fara layi a gareji. Matsalar ita ce Baba mutum ɗaya ne, kuma pinyon da ya dace ba kowace matacciyar mota ke da shi ba. A wata guda da kyar ya gama biyu. Sai wani mai walda a wani gari, ban taɓa ganinsa ba, ya kwance na wani direba ya kwaikwaya. Daga waje ba ka bambanta su. Amma ƙugiyarsa ɗanyen ƙarfe ce, ta karye wa wani mutum a tsakiyar daji tsakanin Dogon Kiriya da gida, da awaki a bayan moto, da rana tsaka. Mutumin ya zo gareji washegari yana faɗa a gaban jama'a cewa akwatin tsohon nan ya kusa kashe masa dabbobi. Baba ya karɓi karyayyar ƙugiyar, ya goga mata magagari sau ɗaya, ƙarfen ya ci kamar sabulu. Ya ɗauko tasa ya goga, magagarin ya zame bai bar ko zane ba. Mutumin ya ba da haƙuri, amma maganar ta riga ta zaga tasha. Baba ya kwana uku ba ya cin abinci sosai.

A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya zo. Matashi ne mai shagon kayan gyaran moto kusa da kasuwa, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai gemu da ɗangalallen wando, daga cikin samarin da ba sa wasa da sallar jam'i. Baba ya san shi, wurinsa yake sayen kusoshi. Ya zo gida bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida Baba, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Baba ya aika a kira ni, domin ya ji baƙon yana sako Faransanci a magana.

Ɗan kasuwar ya ce yana hulɗa da wata masana'anta a Yamai mai injinan yanka pinyo sabo fil daga ɗanyen ƙarfe. Ya kai musu labarin akwatin, sun ce za su iya ƙera shi da yawa, amma ba za su taɓa shi ba sai da izinin mai shi a rubuce.

"Baba, lasisi ake ce mishi," in ji shi. "Ka ba su izini su ƙera, su kuma su riƙa ba ka rabonka a kan kowane ɗaya."

Baba ya ce, "Wato in saida."

"A'a, Baba, ba sayarwa ba ne."

"Ɗana, abin da ka miƙa wa wani yat tahi da shi Yamai, ka sake ganinai? Mu maƙera ba mu saida hannu. Abin da ubana ya ba ni, ɗana zan ba. Hakanan munka iske."

Ɗan kasuwar ya yi ƙoƙari. Ya ce ɓoye ilimi mai amfani ba kyau a addini. Baba ya ce bai ɓoye ba, ga shi nan a kan titi kowa na gani. Aka yi sallama cikin mutunci ba tare da an cimma komai ba.

Na san abin da ke ran Baba, ko da bai faɗa ba. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya soja ne, ɗaya yana aikin asibiti a Doso, babu wanda zai gaji garejin. Na bar shi kwana biyu, sannan na same shi da safe yana shan koko kafin ya fita.

Na ce, "Baba, gonarmu ta bayan dutse, wa ke nomanta?"

Ya ce ai na sani, maƙwabcinmu ne, shekara bakwai ke nan.

"Ta zama tasa?"

"Ina hwa! Aro ne. Kowace kaka shina kawo damman hatsi, don kowa shi san gonar wa ce."

"In ya sare gawon da ke tsakiyarta fa?"

"Ranar nan zan amshe abata."

Na ce masa to lasisi ke nan, ba wani abu ba. Akwatin yana nan nasa. Su noma kawai za su yi, bisa sharaɗin da ya gindaya, kuma ranar da suka karya sharaɗi takarda ta ba shi ikon karɓe abinsa. Na ƙara da cewa mai waldan da ya kwaikwaya bai tambayi kowa ba, kuma wani ma zai sake yi. Waɗannan su ne suka zo ta ƙofa suka yi sallama.

Ya juya ludayi a cikin kwano. Sannan ya ce, "Ke za ki rubuta. Ban yarda da hannun kowa ba."

A nan aikina ya fara, kuma ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamarsa ba. Masana'anta tana son zane da awo, Baba kuwa ba shi da zane ko ɗaya. Awonsa guntayen waya ne da ya yanka ya rataye a ƙusa, kowace da aikinta, shi kaɗai ya san wacce ce ta me. Na roƙi wani abokin aikina, mushe, wato malamin da ke koyar da zanen injina a makarantar sana'a, ya taimake mu. Duk ranar da ba lakwal muna gareji, Baba yana kwance akwati gunduwa-gunduwa, mushe yana aunawa yana zanawa, ni ina tsakiya ina juya magana. Baba zai ce, "A bar mata wurin numfashi, kamar kaurin farce," mushe ya dube ni, ni in dubi Baba, sai a kawo waya a auna farcen. Na koyi kalmomin Faransanci da ban taɓa sanin akwai su ba, ni da nake koyar da harshen.

Da muka zo kan ƙugiya, Baba ya ce wannan ba a zana ta, sai dai a gani. Ya ce a kira ɗan kasuwar shi ma. Ya hura wuta a bayan gareji, ya kawo wani ƙaramin gwangwanin ƙarfe, ya zuba garin gawayi, sannan ya kwance wani tsumma ya fito da ƙahon sa da kofato da aka ƙona aka daka. Ya binne ƙugiyar a ciki, ya rufe, ya shafe bakin da yumɓu.

Na ga fuskar ɗan kasuwar ta canza. Ya ja da baya kaɗan. Ƙasarmu kowa ya san ta da sha'anin bori, kuma maƙera ana yi musu kallon masu asiri.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ƙahon nan, don wa ake sa shi? In akwai wani abu na iskoki a ciki, ni ba zan iya sa hannuna ba, ko da me za a samu."

Na tsorata, na ɗauka Baba zai yi fushi. Sai ya yi dariya har da tari.

"Don ƙarhe aka sa shi, ɗana. Ni doguwa ba ta taɓa riƙe min guduma ba. Bismilla kawai nika yi, kamar kai."

Mushe ya karɓi maganar. Ya ce abin da ke cikin gawayi da ƙonannen ƙaho shi ke ratsa fatar ƙarfe idan ya daɗe a wuta, sai bayan ya yi tauri, cikin kuma ya zauna da laushi don kada ya tsage. Ya ce a littafin da yake koyarwa akwai babi guda a kan wannan, kuma manyan masana'antu haka suke yi, sai dai da tanda ta lantarki. Baba ya tsaya da abin da yake yi.

"Cikin littahi?"

"Cikin littafi, Baba."

"To su, wa ya gaya musu?"

Ɗan kasuwar ya yi dariya shi ma, kunya ta kama shi, ya nemi gafara. Shi ya riƙe wa Baba awartaki da aka ciro ƙugiyar jawur aka tsoma ta a baƙin mai.

Sharuɗɗan Baba ya faɗe su ne a zaure, ina rubutawa da Hausa, daga baya na mayar Faransanci. Ba za a sayar da ko ɗaya ba sai ya ga samfuri ya yarda. Duk ƙugiyar da magagari ya ci, a jefar. Kowane makaniki na Arewa yana da izinin buɗe akwatin ya gyara ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma masana'anta ta riƙa kawo kayan gyara. Shi kuma yana nan yana ƙera nasa a garejinsa yadda ya ga dama. Aron na shekara biyar ne, in an ga alheri a sabunta. Maganar rabonsa ita ce ta fi gajarta, ɗan kasuwar ne ma ya tsaya masa a kanta. Mutanen masana'anta sun so a cire sharaɗin makanikai, suka ce su ke son riƙe gyara. Na karanta wa Baba wasiƙarsu, ya ce in rubuta musu cewa mutumin da motarsa ta lalace a Dogon Kiriya ba zai turo ta Yamai ba. Na rubuta haka, kalma da kalma. Suka bari.

A Doso aka sa hannu, a ofishin mai tabbatar da takardu. Baba ya sa babbar rigarsa ta Idi. Da aka tura masa tawadar dangwale ya ture ta, ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harafi bayan harafi. Ina tsaye a bayansa ina kallon wuyansa da tabon tartsatsin walda, sai na ji idona ya cika, na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Samfurin farko ya iso bayan wata biyu, an yi masa fenti shuɗi, yana sheƙi. Ɗan kasuwar ya kawo shi da murna. Baba ya buɗe, ya goga wa ƙugiya magagari, ta ci. Ya mayar da murfi ya ce a koma da shi. Na biyu ƙugiyar ta yi tauri har ciki, ya buga mata guduma ta fashe kamar tangaran. Ɗan kasuwar ya zauna a kan tsohuwar taya ya dafe kai, ya ce mutanen sun fara cewa tsohon yana da wuyar sha'ani. Ni ma, gaskiya, na fara jin tsoron kada abin ya watse, na ce wa Baba ko zai sassauta. Ya dube ni irin kallon da yake mini ina ƙarama.

"Ke kinka rubuta, Madam. Ko ba ki karanta abin da kinka rubuta ba?"

A ƙarshe mutanen masana'anta ne suka aiko mota. Lokacin hutun lakwal ne, na raka shi. Kwana shida muka yi a Yamai. Injiniyan da ke kula da tanda mutum ne mai haƙuri, ya fahimci cewa suna ciro ƙarfen da wuri a karon farko, a karo na biyu kuma sun bar shi ya wuce. Baba ba ya karanta agogon zafi, launi yake kallo. Sai suka tsaya gefe da gefe, Baba yana leƙa ƙaramar tagar tanda yana cewa "saura", "saura", "yanzu", injiniya yana rubuta abin da agogo ya nuna. A rana ta huɗu magagari ya zame, guduma kuma ba ta fasa ba. Ma'aikatan suka yi tafi. Baba ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya zuba su a aljihu.

Bara na je biki Geceme, a dawowa na rasa mota sai mai ƙafa uku da ta ɗauko dawa. Na hau gefen direba. Da muka iso rairayi ya miƙa hannu ya ja wani ƙaramin ƙarfe, moto ta sauya murya ta shiga ja a hankali. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce sabon abu ne, tun da ya sa shi man da yake zubawa ya ragu sosai, ya ce aikin mutanen Sin ne, su kam Allah ya ba su kai.

Na ce masa a Dogon Dutsi aka ƙirƙiro shi, kuma babana ne.

Ya kalle ni ta gefen ido, ya ce, "To, Hajiya," irin amsar da ake ba wanda ba a son jayayya da shi.

Na ba Baba labari ina dariya, na ɗauka shi ma zai yi. Bai yi ba. Ya tambaye ni kamannin direban da launin motarsa. Ranar kasuwar Geceme ya tashi da sassafe ya sa hula ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Wani maƙwabcinmu da ya je sayen rago shi ya kawo mana labari: ya iske Baba a tasha, jama'a sun kewaye shi, ya sa direban ya kwance murfin akwatin, yana nuna masa kowane pinyo yana faɗin daga wace matacciyar mota ya fara ciro irinsa, tun daga na farko da ya watsar. Direban yana ta "Gafara, Baba, ban sani ba," Baba bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Bai dawo gida ba sai bayan la'asar, muryarsa ta dishe, ya ce wa Innata ta kawo tuwo da zafinsa.